Kimiyyar Alhamis: yadda aikinmu da 'yan aji huɗu da biyar ke tafiya a Tudun Wada

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe zaman kimiyya na Alhamis. Hedimasta ya ba mu ajin da ke ƙarshen baranda, da lokaci bayan an tashi kowace Alhamis, tunda ita ce ranar da yara ba su da Islamiyya da yamma. Mu uku ne: ni, da malamar aji huɗu, da malamin aji biyar. Abin da ya haɗa mu shi ne ganin yaro ya rubuta ma'anar narkewa da daskarewa layi-layi babu kuskure, amma in ka ɗora masa ƙanƙara a tafin hannu ka ce wanne ne ke faruwa yanzu, sai ya yi shiru. Yaran ba daƙiƙai ba ne. Ba a taɓa tambayarsu abin da idonsu ya gani ba ne kawai.

Kayanmu a yau: tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka guda ɗaya, wayoyinmu, da buhu cike da robobin ruwa da yara suka tsinto. Tun hutu nake sauke abubuwa daga intanet, ga waɗanda suka tsaya bayan tankaɗe da rairaya.

Na farko kayan TESSA, shirin horar da malaman Afirka ta kudu da Sahara da jami'ar Open University ta Ingila ta haɗa tare da cibiyoyin Afirka, har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke nan Kaduna a hanyar Zariya. Sashensu na kimiyyar firamare kashi uku ne: rayayyun halittu, binciken kayayyaki, sai ƙarfi da motsi. Abin da ya sa na riƙe su, an rubuta su ne da sanin cewa aji ya cika maƙil kuma babu ɗakin gwaji. Na biyu PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya ci kyautar Nobel. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo da ake taɓawa a kan allon kwamfuta ko waya, kyauta, kuma in ka sauke su suna aiki ba tare da data ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ina duba shi don ganin yadda aka jera darussa bisa manhajar ƙasa.

Mun yi wa kanmu ƙa'ida: ba a kunna kwamfuta sai yara sun fara yin abin da hannunsu. Kafin kowane gwaji kuma sai kowace ƙungiya ta faɗi abin da take zaton zai faru, a rubuta a allo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zoɓo. Da daddare na jiƙa busasshen zoɓo a ruwan ɗumi, babu sukari babu citta, da safe na tace na ƙara masa ruwa har ya yi fatsi-fatsi, don in ya yi kauri ba a ganin canjin launi sosai. Muka yanke gindin robobi suka zama kofuna, kowace ƙungiya ta samu shida. A kan tebur akwai lemun tsami, ruwan tsamiya, jiƙaƙƙiyar kanwa, ruwan toka, ruwan omo, da ruwan gishiri.

Zaton da aka rubuta a allo kusan ɗaya ne: zoɓon zai dusashe, shi ke nan. Aka matsa lemun tsami, ya ƙara haske ya yi ja jawur, ba wanda ya damu. Da aka ɗiga kanwa sai jan ya mutu nan take, ruwan ya juya kore mai duhu kamar miyar kuka, ajin ya kaure da ihu har mai gadi ya leƙo ta taga. Toka ma haka, omo ma ya karkata can. Gishiri bai taɓa shi ba, wata ƙungiya ta yi ta ƙara gishiri tana jira, na bar su har suka gaji suka rubuta "babu canji" da kansu. Wannan ma sakamako ne, kuma ina so su saba da rubuta shi.

Sai wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malama, in aka zuba lemun a cikin koren fa?" Na ce gwada mana. Ruwan ya yi kumfa yana tsuwa, jan ya dawo. Wata yarinya da tun safe ba ta ce uffan ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi ya sa Innarmu take sa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsamin." Wallahi da na tsara bayanin da kaina ba zan kai nata kyau ba. Yakuwa da zoɓo tsiro ɗaya ne, ganyen da furen, kuma abin da ake yi a tukunya shi ne abin da ya faru a kofin: mai tsami da mai kanwa-kanwa suna karya ƙarfin juna, kumfar kuwa iskar kabon ce ke fita. Sinadarin da ke ba zoɓo launi shi ke sauya kama gwargwadon inda ya samu kansa.

Sai a ƙarshe na rubuta sunayen Turancin da za su gani a jarrabawa, kowanne a gefen abin da suka riga suka gani. Mun tsoma guntayen farar takarda a zoɓo mai kauri mun shanya, kowa ya tafi da uku ya gwada abin da ya samu a gida. Na ja kunne: ba a ɗanɗana komai, ba a taɓa ruwan batir ko maganin wanke banɗaki.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ɗaukewar wutar da ta shafi yawancin jihohin Arewa ta cinye mana makonni biyu na kwamfuta. Layin masu caji kuwa sai wanda ya gani. Aikin bai tsaya ba, mun shuka wake a robobi da jiƙaƙƙiyar auduga, wasu a taga wasu a cikin kwali rufe, muka hana wasu ruwa.

Ranar Asabar malamin aji biyar ya shiga Panteka, kasuwar 'yan ƙere-ƙere da tsofaffin ƙarafa. Ya dawo da matattun tociloli, guntayen waya, da maganaɗisu da aka ciro daga tsofaffin sifiku. Wani dattijo mai walda da ya ji na 'yan makaranta ne ya cika masa gwangwani da garin ƙarfe, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Malam, kai dai ka koya musu." Allah ya saka masa da alheri.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kowace ƙungiya ta samu batir biyu irin na rediyo, waya biyu, salatif, da ƙaramin ƙwan da muka ciro daga tocila. Ban nuna musu yadda ake haɗawa ba, na ce su kunna shi. An ɗauki lokaci. Irin wannan ƙwan yana da ƙafa biyu kuma ta hanya ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsa, don haka ƙungiyoyin da suka haɗa daidai amma a juye suka yi ta cewa nasu ya mutu, har wata ta juya nata ya kama. Labari ya bazu daga benci zuwa benci ba tare da na buɗe baki ba.

Daga nan muka bar giɓi a hanyar wutar, ana cike shi da abubuwa: ƙusa, cokali, tsinke, roba, takardar alawa mai walƙiya, makulli. Bakin fensir ne ya raba gardama, kowa ya ce ba ƙarfe ba ne ba zai yi ba, sai ga ƙwan ya kawo haske.

Sai yanzu muka kunna PhET, gwajin da ake kira Circuit Construction Kit. A nan na ga amfanin allon da kyau, domin yana nuna abin da ido ba ya gani: ƙananan ɗigogi suna zagaya wayar, in ka yanke ko'ina duk su tsaya cak a lokaci guda. Yaran sun gane hoton nan take saboda yatsunsu sun riga sun san giɓin. In kuma ka haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, batirin da ke allon sai ya kama da wuta, abin da ba zan yarda a gwada a aji ba. Da shi muka shiga maganar wutar gida da wayoyin da ke rataye a lungu, na maimaita har sau nawa cewa batir kaɗai aka yarda su taɓa, soket ba wurin gwaji ba ne.

Matsalar dai yara sun haura sittin, allo ɗaya ne ɗan ƙarami. Ƙungiya-ƙungiya suke zuwa, sauran na zana haɗinsu a littafi.

Yau kuma muka kafa sanda a tsakar makaranta, tsawonta mita ɗaya daga ƙasa, muka daidaita ta da zare da dutse don kada ta karkace, muka zuba mata siminti. 'Yan aji biyar za su riƙa auna inuwarta a tsakiyar rana. Ta fi gajarta wajen sha biyu da kwata, kusan santimita 55, tana kallon arewa. Da na tambayi me ake kiran lokacin da inuwa ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, da yawa suka ce zawali. Sun karanta shi a babin lokutan salla, yau suka gan shi a ƙasa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da gwajin wutar gogayya, wanda ya bari sai damina zai sha wahalar banza, saboda danshin iska yana kwashe cajin kafin ya taru. Mun goga balan-balan da biro a gashi da rigar sanyi, suka ɗauki yagaggun takardu. Mun huda roba ruwa na zuba siriri, muka kawo balan-balan kusa, ruwan ya lanƙwasa. Kowane yaro yana da labarin tartsatsin bargo da daddare ko ɗan fizgar da ake ji in an taɓa ƙarfen ƙofa, na bar su suka yi ta ba da shi. PhET na da nasa gwajin balan-balan, mun duba a ƙarshe.

Inuwa ta kai santimita 66. Waken cikin kwali ya yi tsawo, fari fat, ya langaɓe, na taga gajere ne kore shar. An yi hutu.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

Na fara da tambayar da kowa ke ganin ya san amsarta: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Amsoshi suka zo: ƙasa ce mai sanyi, randa a inuwa take, tana da kauri. Muka ajiye tulu da bokiti gefe da gefe tun safe a wuri ɗaya, ruwa ɗaya. Da yamma kowa ya tsoma yatsa. Na sa suka shafa jikin tulun suka ji danshi, suka shafa bokitin suka ji shi a bushe. Sai kowa ya jiƙa bayan hannu ɗaya ya hura duka biyun. Nan aka fara kama zaren: tulu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa, in ya bushe ya tashi sama sai ya tafi da zafi, kamar dai aikin gumi a jikin mutum.

Daga nan muka haɗa tukunya cikin tukunya: babba a waje, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Muka sa tumatir da alayyafo a ciki, muka bar irinsu a faranti a kan tebur, za a riƙa dubawa kullum ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Na ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba, da ya koyar a kwalejin fasaha da ke Dutse a Jigawa, wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta kai shi ga kyautar Rolex a 2000. Na ga yadda fuskokinsu suka canza. Duk sunayen masana da ke littafinsu na nesa ne, wannan kuwa ɗan Arewa ne, kayan aikinsa ana sayar da su a Kasuwar Barci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin ma'aunin zafi. Yatsa yana cewa "ya fi sanyi" amma ba ya cewa da nawa, kuma ina so su fara sabawa da lamba.

Na sa Stellarium a wayoyinmu, manhajar da ke nuna taurarin saman garinka a kowane lokaci. Aikin gida: bayan magariba a duba yamma a nemo Zara, a duba sama a nemo Kaza da 'ya'yanta, in ƙura ta bari.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Alayyafon faranti ya yi laushi tun kwana na biyu, na tukunya ya daɗe da kyansa. Yara sun zana duka biyun. Inuwa ta sauko zuwa santimita 44, kuma yanzu sai wajen ɗaya saura kwata take kai ƙarshen gajartarta. Wani yaro ya lura cewa kiran Azahar a masallacin layinsu ma ya ɗan matsa.

Kuɗin data ya tashi bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin sadarwa a watan jiya. Mun daina cewa malamai su je su duba a intanet. Mutum ɗaya ke saukewa da tsakar dare lokacin da data ta fi araha, a zuba a katin waya, a tura wa saura ta Xender. A ciki har da gajerun bidiyoyin Arvind Gupta, ɗan Indiyan da ya shahara da haɗa kayan wasan kimiyya daga shara. Ba sai ka ji yaren ba, hannunsa kawai za ka kalla. Shawarata dai malami ya kalla a gida, ya gwada da kansa har ya yi, sannan ya shigo aji da kayan, ya bar bidiyon a aljihu. In aka fara nuna wa yara bidiyo, sun riga sun ga ƙarshen labari, babu sauran zato, babu gardama.

An yi taron malamai, kuma maganar da na san za ta zo ta zo. Wani malami da ya girme mu duka, wanda nake ganin girmansa, ya ce, "Malama, wasan nan yana da kyau, amma jarrabawa da alƙalami ake rubuta ta, kuma da Turanci." Gaskiya ya faɗa, iyaye ma sakamako suke dubawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu minti goma na ƙarshen kowane zama." Yanzu kowane gwaji yana ƙarewa da rubutu: abin da muka zata, abin da muka yi, abin da muka gani. Yaro ya fara faɗa da Hausa, sannan mu gina jimlar Turancin tare. Na roƙe shi ya riƙa duba littattafan da kansa, ya amsa. Na fi son ya kasance a ciki yana gyara mana.

Alhamis, 20 ga Maris

Azumi, ga zafi, don haka babu zaman yamma wannan watan. Awon inuwa kawai ake yi. Yau dare da rana suka daidaita, inuwa kusan santimita 19. Mun jera lambobin a allo tun daga Nuwamba: 55, 66, 44, 19. Na ce in aka ci gaba a haka me zai faru? Aji ya rabu. Wasu suka ce za ta ƙare ƙurmus, wasu suka ce ba a taɓa abu a rana ba inuwa ba. An rubuta sunayen kowane ɓangare.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ana hutu, amma mun aika gida-gida cewa duk mai iko ya zo kafin sha biyu. Sun zo fiye da yadda na zata, wasu da ƙannensu a hannu, har da iyaye mata biyu. Kaduna tana kan digiri goma da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar kanmu daidai: tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Na tabbatar da ranar a Stellarium tun makon jiya.

Muka jera gwangwanaye da robobi a kan siminti kusa da sandar. Da sha biyu inuwa tana nan gajeriya ta yamma, ana zana bakinta da alli duk bayan minti biyar. Na hana kowa ɗaga kai ya kalli rana, ƙasa ake kallo. Sha biyu da ashirin ta rage ɗan yatsa. Da rabi ta yi, gwangwanin madara yana zaune a kan siminti babu komai a gefensa, sandar ma haka. Yara suka riƙa zagayawa suna leƙa ta kowane ɓangare. Wani ya miƙe tsaye ƙyam ya haɗe ƙafafu yana neman tasa, ya same ta duk a ƙarƙashin takalmi. Ɗaya daga cikin iyayen ta ce, "Ikon Allah! Malama, shekarata nawa a garin nan ban taɓa lura ba." Bayan 'yan mintoci inuwar ta leƙo ta gabas.

Malamar aji huɗu ce ta yi bayanin da ƙwallo da tocila a cikin aji, ta karkata ƙwallon tana zagaya tocilar da shi, ni ina riƙe da ƙofa don duhu. Ta yi shi tsaf. Sabuwar tambayar da aka bari a allo: daga yau ina inuwar tsakar rana za ta kalla?

Wasu sun kawo ƙorafin cewa Zara ta ɓace tun cikin azumi. Na ce su duba gabas bayan sallar Asuba. Tauraron da ake kira Gamzaki ai Zara ce, ta wuce ta tsakaninmu da rana a ƙarshen Maris ta koma fitowar asuba.

Alhamis, 8 ga Mayu

An dawo zango na uku. Inuwa santimita 12, tana kallon kudu, 'yan aji biyar sun auna kafin in iso.

Ruwa ya fara sauka, don haka aikin wannan zangon na ruwa ne. Mun yanke wuyan roba mai miƙaƙƙen jiki muka kifa shi ciki ya zama mazurari, muka zuba tsakuwa da ruwa a gindi har inda jikin ya daidaita, muka manna ruler daga nan. An kafa ta nesa da rufin kwano da bishiyar darbejiya, ana karantawa kowace safiya a zubar da ƙarin. Mun kuma ɗebo ruwa daga wata tsohuwar taya a bayan makaranta mai ɗauke da tsutsar sauro, muka zuba a kwalba muka ɗaure bakin da yankin gidan sauro. A irin wannan zafin mako ɗaya zuwa biyu ya isa su ga sauron ya fito da fiffikensa, daga nan za mu zagaya unguwa neman inda ruwa ke kwanciya.

Tace ruwa da yashi da gawayi da tsakuwa yana tafe, tare da kwatanta alif da dakakken ƙwallon zogale wajen kwantar da laka. Dole a nanata cewa ruwan da ya yi garau ba lalle ya rabu da ƙwayoyin cuta ba, sai an tafasa.

Mako mai zuwa malamin aji biyar ne zai ja zaman shi kaɗai, da maganaɗisun Panteka da garin ƙarfen dattijon nan, ni zan zauna a baya da littafi. Wata makaranta a Rigasa ta aiko a tura musu abin da ke katin, za mu haɗa musu da takardar zoɓo da bayanin kafa sanda, don su shirya kafin ƙarshen Agusta. Har yanzu muna neman ma'aunin zafi guda biyu, irin na ɗakin gwaji mai kaiwa digiri 100, da batura, don namu sun fara sanyi.